Akwatin da Ke Sa Jita Gurnani

Jiya ɗayanku ya nuno mini zanen cikin wani akwatin jita a wayarsa yana dariya, wai ashe abin da ake ta cewa ni Baba Isyaku na ƙware a kai bai wuce wannan ba: transista biyu, rezista huɗu, kwandensa uku, sai batir. Ya ce kafin a kira la'asar ya gama haɗa shi. Ban yi masa musu ba, don ni ma abin da na faɗa ke nan ranar da na fara leƙa cikin akwatin. Wanda ya raina gajere bai taka kunama ba ne. Tunda yau an ɗauke wuta, babu mai kawo caji, ku jawo benci in ba ku labari.

Ni ɗan Likoro ne. Mahaifina malami ne, yana koyar da Alƙur'ani a zaurensa, yana noman masara da dawa kamar kowa. Abin da ya raba ni da fartanya rediyon dagacinmu ne. Rediyon ya daina magana, aka ba ni shi in kai Makarfi ranar kasuwa. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba a lokacin, kuma a duk yankin mai gyara ɗaya ne, Sajan Bulus, mutumin kudancin Zazzau, tsohon soja wanda ya yi aikin wayar sadarwa a yaƙin Turawa. Na tsaya a bakin rumfarsa ina kallo. Ya buɗe bayan rediyon, ya sunsuna, ya zaro wani ƙarfe daga cikin garwashi ya taɓa wuri ɗaya, sai ga mutumin Kaduna yana karanta labarai. Na koma gida na roƙi Malam ya bar ni in koyi wannan aiki. Bai amsa ba sai da ya hau jakinsa ya je ya ga mutumin da idonsa. Suka gaisa, suka tambayi gida da gajiya da damina, sannan Malam ya ce, "Ga yaro nan, amana. Abu ɗaya nake roƙo, kada aiki ya hana shi salla."

Bulus ya ce, "Malam, ni zan riƙa tuna masa."

Ya kuwa cika alkawari. Kirista ne, amma da inuwa ta karkata sai ya karɓe abin da ke hannuna ya nuna mini buta.

Aikina na farko hura gawayi. Ku da kuke soka ƙarfen dalma a bango ya yi zafi da kansa, ba ku san wannan ba. Babu lantarki a Makarfi. Ƙarfenmu guntun jan ƙarfe ne a bakin sanda, biyu gare mu, ɗaya a wuta ɗaya a hannu. In ya yi zafi da yawa sai ya ƙone dalma ta yi toka, in bai kai ba sai ta dunƙule ta ƙi kamawa. Kusa da kumatu ake kawo shi a ji, fatar fuska ita ce ma'auni. Ban da shi akwai filaya, da sukuddireba iri-iri, da tsohon burushin haƙori, da mita mai allura wadda Maigida Bulus ya dawo da ita daga soja. Ita kam sai da na shekara kafin ya yarda in taɓa ta. Transistocin wancan zamani kuwa masu hular ƙarfe ne, da ƙafa uku sirara kamar na sauro, ba su son zafi ko kaɗan. Kafin ka liƙa ƙafa sai ka riƙe ta da filaya, ka naɗa jiƙaƙƙiyar auduga, don zafin ya tsaya a hanya kada ya shiga ciki ya kashe ta.

Na tuna wani manomi daga Taba da ya kawo rediyo a naɗe cikin sabon zanen matarsa. Ya sayar da rake ya saye shi, ya ji an ce in batir ya gaji a dafa shi ya farfaɗo. Ya dafa, ya mayar da shi da ɗuminsa, batir ya fashe, ruwansa ya ci wayoyin ciki. Wuni guda muka yi muna kankarewa. Da rediyon ya fara magana sai na miƙa hannu zan rufe bayansa, Maigida ya riƙe ni.

"Ka ji wannan 'yar karkarwar a ƙarshen magana?"

"Kaɗan ce, Maigida. Ba zai lura ba."

"Ni na lura. Yadda mutum ya faɗi magana a Kaduna, haka za ta isa Taba. Mu ba mu ƙarawa, ba mu ragewa."

Tarbiyyar da na samu ke nan. Rediyon manoma, lasifikar 'yan siyasa, garmaho na masu shayi, duk abu ɗaya muke nema a cikinsu, murya tas.

Ina cikin shekara ta shida ko ta bakwai a rumfar, na riga na yi aure, sai ga Titus. Malamin gona ne a Ikara, dogo, mai yawan fara'a, yana yawo ƙauyuka a babur yana koya wa mutane zuba takin zamani. Ranakun hutu kuma yakan tafi Zariya ya kaɗa jita tare da abokansa. Ya shigo da jitar a bayansa da wani abu a jaka, ya durƙusa ya gai da Maigida, sannan ya fito da akwatin ƙarfe mai maɓalli a sama wanda ake takawa da ƙafa. Ya ce na wani Bature ne da ke koyarwa a Samaru, ya dawo da shi daga hutu, ya ara masa, kuma dole ya mayar. Turawa na kiransa faz. Yana so a yi masa irinsa.

Muka jona shi da amfilifayar lasifika wadda muke kunnawa da batirin mota. Titus ya kaɗa, jita ta yi muryarta mai daɗi. Ya taka maɓallin ya sake kaɗawa. Masu sayar da mazarƙwaila da ke gefenmu duk suka waiwayo. Muryar ta yi kauri, ta yi gurnani, tsakanin kukan goge da kakaki, kuma in ya taɓa tsirkiya ɗaya sai sautin ya daɗe yana tafiya bai mutu ba.

Maigida ya ce, "Wannan abin ya lalace."

Titus ya ce, "Baba Sajan, haka aka yi shi. Haka ake so."

Maigida ya dube shi, ya dubi akwatin. "Shekara da shekaru ina korar wannan ƙarar daga rediyon mutane, yau an zo in gina mata ɗaki. Isyaku, in kana so ka yi. Ni ba ruwana."

Na kwance ƙasan akwatin na ga ɗan abin da ke ciki, na yi dariya. Na kwafe yadda aka bi da wayoyin, na ce wa Titus ya mayar wa mai shi, kasuwa mai zuwa ya zo ya karɓi nasa. Na ciro transista biyu daga matattun rediyo, na haɗa komai yadda yake a kan guntun katako. Da na jona, sai ya yi ta tusa kamar babur ɗin da mai ya ƙare masa. Na canza transista, wannan karon ya yi ta shuu kamar ruwan sama a kan kwano. Na sake canzawa, ya yi shiru gaba ɗaya. Kasuwa ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce, Titus ya bar mini jitarsa don gwaji, yana zuwa yana komawa hannu wofi, bai taɓa ɓata rai ba.

To ku saurara, ga abin da ke faruwa a cikin akwatin, wanda zanen wayarku ba zai gaya muku ba. Abin da ke fitowa daga jita ta waya ɗan siriri ne. Transista ta farko takan ƙara masa ƙarfi, ta miƙa wa ta biyu kai tsaye, babu kwandensa tsakaninsu. Ta biyu sai ta karɓi abin da ya fi ƙarfinta. Ba za ta iya ba da fiye da abin da batir ya ba ta ba, sai ta share kan sautin, kamar mai awo ya sa tafin hannu ya share tozon mudu. Wannan sharewar ita ce gurnanin. Sannan akwai rezista guda da ke ɗebo kaɗan daga ƙafar ta biyu ta mayar wa ta farko. Ita ce karkiyar da ke wuyansu, kamar shanun huɗa, in ɗaya ta ja sai ɗayar ta ji. Duk wanda ya taɓa huɗa ya san ba kowane sa ake haɗawa da kowane ba. Ga shi transistocin nan, ko lambarsu ɗaya, ko daga kwali ɗaya suka fito, halinsu daban-daban ne kamar 'ya'yan ɗaki guda. A rediyo akwai abubuwa da yawa kewaye da su da ke rufa musu asiri. A wannan akwatin su biyu ne tsirara.

Ban gane wannan da kaina ba. Wata ranar da babu ciniki ina zaune na tasa katakon a gaba, sai na ji Maigida ya tsaya a kaina. Mutumin da ya ce ba ruwansa, ashe kunnensa na wurina tun farko. Ya ɗauko mita ya ɗora a ƙafar transista ta biyu, inda sauti ke fita.

"Nawa batirinka ke bayarwa? To nan ya kamata allura ta tsaya wajen rabinsa, don sauti ya sami wurin hawa da wurin sauka. Dubi naka, ta kusa manne wa bango. Kawo gwangwanin nan."

Muka zazzage duk transistocin da muka tara a kan tabarma. Ya nuna mini yadda ake auna kowace sau biyu. Na farko a ga yoyonta, wato wutar da take bari ta wuce ko ba a umarce ta ba. Na biyu a ga ƙarfinta. Masu yoyo da yawa muka ware gefe. Cikin sauran, ya ce in sa mai matsakaicin ƙarfi a gaba, wadda ta ɗan fi ta a baya. Na liƙa, na ɗauki jitar na ja tsirkiya ɗaya, don iyakar abin da na iya ke nan. Sautin ya tashi, ya yi kauri, ya daɗe. Maigida ya yamutsa fuska ya ce, "Mummuna ne. Amma daidai yake." Ya koma wurinsa.

Gida na farko da na yi masa gwangwanin sigari ne, Titus ya taka sau ɗaya ya lotse. Sai na tafi Kudan wurin wani maƙeri, Tanimu, ya naɗe mini akwati daga ƙarfen tsohuwar ganga. Maɓallin ƙafa kuwa babu mai sayarwa ko a Zariya. Wani direban roka mai ɗaukar rake ne ya ji ina cigiya, ya kai ni motarsa ya nuna mini wanda suke takawa su canza hasken fitila. Ka taka ya juya, ka sake takawa ya dawo, kuma an yi shi don takalmin direba. Daga ranar na zama abokin duk makanikin da ke da matacciyar mota.

Na ɗauka aiki ya ƙare. Da bazara ta yi tsanani aka yi nunin amfanin gona a Ikara, aka gayyato su Titus su yi wasa a gaban hakimi da manyan ma'aikata. Washegari ya zo ya ajiye akwatin a teburina.

"Isyaku, abinka ya ba ni kunya. Muna farawa lafiya lau, can sai ya fara shaƙewa kamar an maƙure akuya. Dole na cire shi a gaban jama'a."

Na jona shi nan take, ya yi gurnaninsa yadda ya saba. Maigida, ba tare da ya ɗago kai daga aikinsa ba, ya tambaya, "Da wane lokaci kuka yi wasan?"

"Bayan azahar."

"A ina ka ajiye shi?"

"A ƙasa, a fili."

Maigida ya ce in ɗora akwatin a kan kwanon rumfa in je in yi alwala. Da na dawo na sauko da shi, ya shaƙe. Na jingina shi da jikin randa ya huce, murya ta dawo. Sai ya sa na ɗora mita, na kama hular transista ta farko da yatsa biyu kawai. Ɗumin hannuna ya isa, ina kallo allura ta fara tafiya. Zafi na ƙara musu yoyo, yoyon ta farko kuma ya ja ta biyu daga tsakiya har ta toshe. Wanda ya tsara akwatin a ƙasar sanyi ya tsara shi, bai san ranar Ikara ba. Titus ba zai yi yawo da randa ba, don haka na cire rezistar da ke kan transista ta biyu, na sa mai juyawa irin na ƙara muryar rediyo, na fito da kansa waje. In rana ta yi zafi ya murɗa kaɗan, allura ta koma mazauninta. Akwatin Bature makunni biyu gare shi, namu uku. Makaɗa suka sa wa na ukun suna makunnin rana.

Sai mummunar shekara ta zo. Kun ji labarinta wurin kakanninku, ba sai na maimaita ba. 'Yan kasuwar Sabon Garin Zariya da muke sayen kayan gyara a hannunsu sun riga sun tafi, ɗan abin da suka bari ya ƙare. Yaƙin basasa ya tashi, aka nemi tsofaffin sojoji waɗanda suka san aikin waya. Maigida ya ɗaure jakarsa, ya miƙa mini mita ya ce, "Riƙe rumfa."

Kowa na son jin labarai, amma babu kayan gyara, batir ma ya yi wuya. Mutum ya kawo rediyo, in buɗe in ga abin da ya mutu, in ce masa babu. Wasu su koma da abinsu, wasu su ce in riƙe, me za su yi da gawa. Gawarwakin suka taru har rufi. Matata na da ciki, sai in wuni a rumfa ban kama aikin da zai sayi cefane ba.

Titus ne ya buɗe mini ƙofa. Duk inda ya yi wasa sai an tambaye shi inda ya sami akwatin, shi kuwa sai ya ce Makarfi, rumfar da ke kusa da 'yan mazarƙwaila. Sojoji sun cika Zariya da Kaduna, inda soja yake kuma akwai kiɗa. Makaɗa suka fara saukowa daga motar kasuwa suna cigiyata. Kowane mataccen rediyo akwai transista masu rai a cikinsa, sai in tambayi mai shi, in ya yarda in cire, in ba shi wani abu. Har batir ɗin da ya gaza ɗaukar rediyo yana ɗaukar akwatin, don wutar da yake ci kaɗan ce, wasu ma sun fi son muryarsa da gajiyayyen batir, sun ce ta fi laushi. Tanimu na ƙera gida, makanikai na tara mini maɓalli, ni ina awo ina liƙi. Da haka muka ci tuwo.

Magana ta kai wa Malam cewa ɗansa na ƙera wa makaɗan otel kaya. Ya aiko in zo. Na same shi a zaure, na durƙusa na gaishe shi, ya bar ni a durƙushe ɗan lokaci.

"Kai ne ke kaɗawa?"

"A'a, Allah ya gafarta Malam."

"Kana bin su inda suke yi?"

"Ban taɓa zuwa ba."

Ya ja carbinsa. Can ya ce, "Ba zan ce maka ina so ba. Amma rumfar nan amanar mutum ce, shi ma ya riƙe mini tawa. Ka riƙe masa ita kada ta mutu. In sauƙi ya zo, rediyo shi ne sana'arka." Da zan tafi ya sa aka ɗora mini buhun masara a keke.

Yaƙi ya ƙare, kaya suka fara shigowa, na koma gyaran rediyo, akwatin kuma sai in an nema. Wata ranar kasuwa da hantsi na ɗago kai sai ga Maigida tsaye, ya rame, da jakarsa a kafaɗa. Na tashi na durƙusa ina ta gaisuwa, yana kallon bakina, yana amsawa ba inda na tambaya ba. Na ba shi kujerarsa. Akwai rediyon da na gama gyarawa a tebur, ya jawo shi ya kunna, ya yi ta murɗa makunni har ƙarshe, mutanen da ke wucewa na toshe kunne. Sai ya kara shi a kunnensa. Sannan ya kashe ya ajiye a hankali.

"Igwa ce," in ji shi da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin kansa. "Ta fashe kusa da raminmu. Na zo ne in ga ko kana lafiya. Rumfa taka ce, Isyaku. Mai gyaran rediyo da ba ya ji, ai makaho ne da madubi. Zan bi motar Zariya in wuce gida in yi noma."

Na matso kusa da kunnensa na ce rumfa tasa ce, riƙo aka ba ni. Ya girgiza kai. Na sa aka kawo masa fura, ya sha, ya zauna jiran mota ta cika.

Muna nan sai ga Titus a babur, ya zo karɓar sabon akwati da na haɗa wa wani abokinsa. Da ya ga Maigida sai ya zube yana gaisuwa, na yi masa nuni da kunne, ya gane. Ya jona jita, ya juya bakin lasifika ya fuskanci kujerar Maigida, ya ƙure murya, ya taka maɓalli, ya ja tsirkiya mai kauri. Kwanon rumfa ya ɗauki rawa.

Maigida ya ajiye ƙwaryar fura. Ya miƙa hannu ya dafa jikin lasifikar, ya karkata kai.

"Sake."

Titus ya sake, ya bar sautin ya tafi har ya mutu da kansa.

"Wannan na ji," in ji Maigida. Hannunsa na kan lasifikar. "Amma wutsiyarsa na karkarwa. Ta farkon tana yoyo. Wa ya auna ta?"

Na nuna ƙirjina. Ya miƙo hannu, na sa masa mita a ciki. Na ciro transistar da filaya da jiƙaƙƙiyar auduga, ya ɗora ta, muka sunkuya mu uku muna kallon allura. Tana yoyo.

Ya ce in kawo gwangwanin. Ya zazzage shi a tebur, ya gyara zaman kujera, ya fara ɗauka ɗaya bayan ɗaya yana aunawa, masu kyau dama, masu yoyo hagu. Can a bakin kasuwa kwandasta ya yi ta kiran Zariya, Zariya, saura mutum ɗaya. Ni da Titus muka dubi juna, babu wanda ya taɓa kafaɗarsa. Motar ta cika ta tashi.